Faratan Tukur Ba-wuya

A shekarun da motar majigi ke zagaya garuruwa tana koya wa manoma noman da suka gada tun kaka da kakanni, akwai wani mai gyaran keke a bakin kasuwar Dutsin-Ma, ana ce da shi Tukur Ba-wuya. Sunan nan ba ranar suna aka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. In aka ce wani ya haƙa rijiya a kan fa, Tukur zai ce, "Ba wuya." In aka ce Turawa sun ƙera jirgi mai tashi sama, sai ya taɓe baki ya ce ai ba wuya, shi ma rashin kayan aiki ne ya hana shi. Amma a faɗi gaskiya, gyaran keke dai ya iya shi. Da ya tsaya a nan, da ni ma ban sami abin ba ku labari ba.

To, Tukur yana neman wata bazawara a Kurfi mai suna Huseina, wadda ke zaune wurin gwaggonta tun da mijinta ya rasu. Son da yake mata kuwa ba na wasa ba ne. Duk ranar kasuwar Kurfi sai ya rufe rumfa, ya goge kekensa, ya taka har can zance, ko da ana ranar da ke narkar da faci. Abokin takararsa shi ne Lado, wani manomi daga Tamawa, mutumin da in ya ce "ina wuni" to ya gama maganarsa ta ranar. Tukur bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ita kuwa Huseina ta ce kowa ya dakata, za ta faɗi wanda ta zaɓa kafin gero ya nuna.

Ana nan, wata ranar bazara majigi ya sauka Kurfi. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa, inji ya kama ruri, aka sa fim ɗin takin zamani. Takin dai bai dami kowa ba. Abin da ya tsai da mutane shi ne wani kiɗan jita da ke tashi a farkon fim ɗin, ana tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, wata na tafiya ƙasa-ƙasa, wata na tsalle a kanta. Huseina na zaune cikin mata, Tukur kuma ya jingine kekensa daidai inda za ta gan shi.

"Kai, wanga kiɗi da daɗi yake!" in ji Huseina ga ƙawayenta. "Kamar ruwa na ɗiga cikin randa."

Ai kuwa kamar ta taka wutsiyar maciji. Tukur ya gyara hula ya ce, yadda har na bayan fili za su ji, "Wanga? Ba wuya! Mutumin da ke ɗaure wayoyin ƙafar keke su miƙe, 'yan wayoyin jita ne za su gagare shi? Huseina, kafin gero ya nuna sai na kaɗa miki wanga kiɗi da hannuna a gaban jama'a. In ban yi ba, kar ki ƙara amsa sallamata."

"Ni fa ban aike ka ba, Malam Tukur," ta ce tana dariya. "Amma dai an ce da kare ana biki gidansu..."

"Ya ce in gani a ƙasa!" ƙawayen suka ƙarasa mata.

Lado yana tsugune can gefe.

A duk Dutsin-Ma jita ɗaya ce tal, tana rataye a zauren Kofur Abdulƙadir, tsohon soja, wanda ya dawo da ita daga yaƙin Bama. Zanzaro ya yi gini a cikinta har ya aurar da jikoki, rabin tsirkiyoyinta kuma sun tsinke. Da Tukur ya je da buƙatarsa, Kofur ya dubi jitar, ya dubi keken da ke ƙyalli a ƙofar zaure, ya yi gyaran murya.

"Ba ta sayarwa ba ce, yaro. Wagga aba ta ga yaƙi."

"Kofur, a taimaka. Maganar aure ce."

"To, tunda aure ne, sai dai musaya," in ji Kofur, idonsa na kan keken.

Mai hankali da ya ce sai ya yi shawara. Tukur kuwa ya miƙa hannu aka tafa. Sai da Kofur ya riga ya hau keken yana gwada ƙararrawa, sannan Tukur ya tuna ya ce a ɗan nuna masa yadda ake kaɗawa.

"Ni? Ɗauko ta na yi, ban ce ma na iya ba. Amma na ga wani sojan ƙasar Gwalkwas yana yi. Da farce ake taɓa ta, kowane yatsa da tashi tsirkiya, babban yatsa na riƙe da na sama. Kuma ba ya yanke farcen hannun dama, ko kwamanda ya yi faɗa."

Tukur ya dawo rumfarsa a ƙasa, rungume da jita. Malam Alu maɗinki, maƙwabcinsa a kasuwa da kuma a unguwa, ya ɗago kai daga kan keken ɗinki ya tambayi ina keken hawa. Da ya ji labari sai ya ajiye almakashi ya ce, "Madalla. Tsugune ba ta ƙare ba, an sai da kare an sayi biri."

"Hassada ce, Malam Alu."

"Ƙwarai kuwa. Tun ina yaro nake addu'ar Allah ya ba ni gidan zanzaro."

Tukur ya kakkaɓe jitar, ya warware wayar birki ya ɗaura a gurbin tsirkiyoyin da suka tsinke, ya ɗaure su tamau kamar yadda ya saba ɗaure birki. Daga ranar kuma ya yi sallama da yankan farce.

Sai dai kiɗan ba ya samuwa ko'ina sai a cikin majigi, majigi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Don haka duk ƙauyen da aka ce motar ta nufa, Tukur zai kulle rumfa ya bi ta a ƙafa. Kuma kiɗan ba ya daɗewa. Da ya fara, sai mai bayani ya ɗauki lasifika ya rufe shi da, "Jama'a manoma, ku dubi gonar da aka sa wa taki!" Ga fim ɗin ya tsufa, kullum sai ya tsinke a tsakiyar kiɗan a tsaya a ɗaura, ga inji yana shaƙewa yana jan sautin kamar mai jin barci. Tukur dai ya kafa kunne yana haddacewa, bai bar komai ba. A ƙauyen Shema haƙurinsa ya ƙare. Mai bayani na cewa "Jama'a manoma," sai aka ji murya daga tsakiyar taro:

"Don Allah malam ka yi muna shiru, karatu muke!"

Ɗan doka ne ya raka shi har bayan gari, riƙe da wuyan rigarsa. Washegari Tukur ya gaya wa mutanen kasuwa cewa hukuma ce ta ba shi ɗan rakiya saboda girmamawa.

A gida kuma, da ya idar da sallar asuba sai ya hau kan jita. Wayar birki ba a yi ta don kiɗa ba, kuma ta nuna hakan. Kwana kaɗan da farawa, Inna Dada, tsohuwar da ke bayan dangarsa, ta yi sallama ta shigo da ɗan ƙullin magani a hannu.

"Sannu Tukur. Akuyar ta haihu kuwa?"

"Wace akuya, Inna? Ni ba ni da akuya."

"To mi ke kuka nan gidan tun shekaranjiya? Na ce dabbar nan in ba a taimake ta ba mutuwa za ta yi."

"Kiɗin Turawa ne, Inna."

Tsohuwa ta dubi jitar ta dube shi. "Allah sarki. Ashe su ma suna da nasu baƙin cikin."

Farata kuwa suka yi ta tsiro, abin ka da abin da ba a so. Nan fa sana'a ta fara jin jiki. In aka kawo masa faci, ya toshe huji ɗaya, farce ya buɗe biyu. Malamin gona ya kawo kekensa da 'yar ƙaramar matsala, ya tafi da shi a kafaɗa. Tukur ya ce robar zamani ce ba ta da ƙwari. Kafin a jima masu keke suka koma tura abinsu har wani gari, ya fi musu sauƙi.

Abin bai tsaya a kasuwa ba. A unguwarsu magidanta kan fito da tuwo ƙofar gidan Malam Alu a haɗu a ci tare. Wata rana Tukur ya wanke hannu ya miƙa zai yanki loma, sai Malam Alu ya janye akushin.

"Dakata. Mi ne ne wanga?"

"Kayan aiki ne."

"To kayan aikin shaho ba su shiga akushina. Kai ba ka ji abin da malamai suka ce game da tara farce ba?"

"Ku ba ku san sirrin jita ba, shi ya sa."

"Mun dai san sirrin tuwo. A zuba mashi nashi a murfi, a ba shi ludayi."

Haka Tukur ya koma gefe yana cin tuwo da ludayi kamar mai jinya, yana cewa ai manyan mutane dama ba su cin abinci cikin taro.

Zuwa Kurfi kuma ya ja baya, don tafiyar da keke ke yi kafin hantsi, ƙafa sai ta kai azahar. In ya samu ya je, sai ya isa futu-futu, hannun dama cikin aljihu don kada a ga abin mamaki kafin ranarsa.

"Malam Tukur, ina keken?" Huseina ta tambaye shi.

"Na ba shi hutu."

"Hannun fa? Shi ma hutun yake?"

"Za ki gani, ke dai."

Ta kalle shi, kuma wallahi ba kallon ƙiyayya ba ne, kallon mai tausayi ne. A daidai lokacin Lado yana bayan gida yana gyara wa Gwaggo dangar da iska ta kayar, ba tare da kowa ya sa shi ba.

Damina ta zauna, ciyawa ta rufe gonar Gwaggo, sai ta kira gayya. Kowa ya san abin da wannan ke nufi: mai neman aure a gida, ranar gayyar gidan ake ganin ƙarfinsa. Tukur ya ji daɗi, don ga taro ya samu, ga Huseina za ta kawo fura. Matsala ɗaya ce. Ƙotar hauya in ta haɗu da faratan nan, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Ya yi tunani har ya samo dabarar da ya ce ko alƙali bai isa ya yi irinta ba, ya je ya fesa wa Malam Alu.

"Zan naɗe hannun da tsumma in ce ɗan kankare ya kama ni a yatsa. In zamna inuwa, su Lado su yi ta gumi. Da an kawo fura, sai in kwance hannu in ɗauki jita. Ka ga mai gumi, ka ga mai fasaha. Wa za ta ɗauka?"

Malam Alu ya naɗe ɗinkin da ke gabansa. "Zan bi ka."

"Ashe dai kana ƙaunata."

"A'a. Ba ni son a ba ni labari ne."

Ranar gayya gangar noma na tashi, maza sun jeru sun duƙa, ƙasa na tashi, Lado yana gaba kamar an biya shi. Tukur ya sami gindin ɗorawa ya zauna, jita cikin buhu a gefensa, hannu naɗe da tsumma ya yi girman tulu. Da ya yi shiru da ya tsira. Amma ina! Tukur ba ya yin abu rabi. Ya shiga nishi yana girgiza kai yana kiran sunan Allah, har nishin ya kai kunnen Gwaggo.

"Wayyo ɗan nan! Mi ya same ka?"

"Ɗan kankare ne, Gwaggo. Ba don shi ba, ai da ni kaɗai na isa gonar nan, da ba ku wahalar da mutane ba."

"Ɗan kankare? Subhanallahi! Ai ba a barin shi ya nuna ya ci ƙashi. Allah ya taimake ka, ga Ɗanjuma wanzami can cikin 'yan gayya. Kai Ɗanjuma! Zo da zabirarka!"

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanzami kuwa ba ya rabuwa da zabira, tana rataye a reshe. Kafin Tukur ya haɗiye miyau, Ɗanjuma ya iso yana wasa aska a tafin hannu.

"Gwaggo, ku bar shi, ya yi sauƙi," in ji Tukur yana ja da baya.

"Yanzu kake nishi kamar mai naƙuda."

"Na warke! Wallahi yanzun nan na ji ya sake ni!"

"Haka kowa ke cewa in ya ga aska," in ji Ɗanjuma. "Ban taɓa tsaga wanda bai warke ba. Ku riƙe mani shi."

Duk wanda ya taɓa ganin ana tsaga ɗan kankare ya san ba a sauraron mai shi, ko zai rantse da abin da ya fi haka. Ƙarti suka ajiye hauya suka zo taimako, don aikin lada ne. Wani ya danne ƙafa, wani ya rungume ƙugu, Lado ya kama damtsen ya riƙe kamar ƙotar galma. Tukur na ihu yana kiran Malam Alu ya faɗa musu gaskiya. Malam Alu ya gyara zama a kan tushen ɗorawa ya ce shi baƙo ne, ba ya shiga maganar mutanen Kurfi.

Ɗanjuma ya warware tsumma, ya warware, ya warware. Da ƙarshensa ya faɗi, ganga ta tsaya da kanta. Babu kumburi, babu ƙurji. Farata ne zaƙo-zaƙo, sun lanƙwashe, baƙin man keke ya yi gida a ƙarƙashinsu.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Da wanga hannu ake zuwa neman ɗiyar mutane? Kai ko kura ce ta yi maka wanka?"

"Gwaggo, na kiɗi ne, bari in yi maku bayani..."

"Ni dai aska in ta fito ba ta komawa haka nan," in ji Ɗanjuma. "Ku ƙara riƙewa."

Ƙyas! Ƙyas! Ɗaya bayan ɗaya faratan suka zube a ƙasa, Tukur na kallonsu kamar ana yanka masa 'yan'uwa. Da aka sake shi, Malam Alu ya jawo buhun ya zaro jitar ya miƙa masa.

"Jama'a, a yi adalci. Mutumin nan ya rasa keke, ya rasa sana'a, ya rasa akushi, duk don wanga kiɗi. A bar shi ya yi."

Daidai nan mata suka iso da ƙoren fura, Huseina a gaba. Tukur ya ga ba sauran mafita sai gaba. Ya rungumi jita, ya sa yatsun da aka yi wa ƙwal, wayar birki ta cije shi, ya daure. Tin, tan, tirin. A gaskiya akwai ɗan ƙamshin kiɗan majigi a ciki, kamar yadda ruwan wankin tukunya ke da ƙamshin miya. Ana cikin haka sai ya tsaya cak, ya ɗaga hannu sama, ya yi shiru. Jama'a suka jira. Can sai ya ci gaba daga wani wuri dabam, sannan ya shiga jan kiɗan a hankali, a hankali, har da ɗan gurnani a maƙogwaro.

"Ka manta ne?" makaɗin ganga ya tambaya.

"Haka yake! Ku mi kuka sani a kiɗin Turawa?"

Sai wani daga cikin 'yan gayya ya buga cinya. "Kai jama'a! Shirun nan ai wurin da fim ke tsinkewa ne a ɗaura! Wancan jan kuma inji ne in ya shaƙe! Har su ya koyo!"

Wayyo, dariya! Wani ya faɗi cikin kunya yana riƙe da ciki, Ɗanjuma ya ajiye aska don kada ya yanki kansa, Gwaggo tana share hawaye da bakin zane. Har Lado sai da haƙoransa suka fito. Tukur ya ƙara wa tsirkiya ƙarfi don ya rufe dariyar, wayar birki ta ce tas, ta tsinke ta zane shi a kunci.

Huseina kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta tako da ƙwaryarta ta tsaya a gabansa, ta yi magana a hankali, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Malam Tukur, ni fa tun kafin majigin nan ya zo na riga na zaɓe ka. Mai sana'a na gani, mai zuwa a kan lokaci. Gwaggo ce ta ce in dakata in ga hannunka a gona. To, na gani."

Maganar ta soki Tukur fiye da askar Ɗanjuma. Amma hali zanen dutse.

"Huseina, farce ai tsirowa yake. Ki ba ni zuwa baɗi."

"Ciyawa ma tsirowa take, Malam Tukur. Shi ya sa aka kira gayya."

Ta wuce shi, ta je gaban Lado ta durƙusa, ta miƙa masa ludayin farko. Mata suka rangaɗa guɗa, ganga ta ɗauka, maza suka sha fura suka koma bakin aiki.

Aka bar Tukur shi kaɗai a gindin ɗorawa. Sai Gwaggo ta waiwayo ta daka masa tsawa, ta ce kada ya kuskura ya bar mata ƙazanta a fili, ai ya san farce binne shi ake yi. Tukur ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya tona ɗan rami da yatsa, ya zuba ya mai da ƙasa. Iyakar noman da ya yi a gonar Gwaggo ke nan.